Zafin Rana Daban, Ƙarfin Rana Daban: Abin Da Mai Sayen Sola A Isa Da Sabon Birni Ya Kamata Ya Sani

A Turba da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Isa, har zuwa Sabon Birni da ƙauyukan da ke bakin iyakar Nijar, wayar hannu ta wuce kayan kwalliya. Da ita ake tura kuɗi, da ita ake jin farashin albasa da gero, da ita ake tambayar halin da hanya take ciki kafin a fita. Mutanen yankin sun ɗanɗana rashinta a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Isa da Sabon Birni. To amma ko sabis ya cika taf, wayar da batirinta ya mutu ba ta da maraba da dutse. Inda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, man janareta kuma ya yi tsada, farantin sola ne ya zama madogarar masu shagon caji da magidanta.

Sai dai akwai ƙorafin da ke yawan fitowa daga bakin masu sola. Mutum ya sayi faranti an rubuta masa wat 100, amma bai taɓa ganin wat 100 ɗin ba. A watan Afrilu, lokacin da rana ke ƙona tafin ƙafa, farantin ba ya ba da abin da aka zata. A watan Agusta kuwa batir kan mutu tun kafin sallar isha'i. Sai a ce an sayar masa da jabu. Wani lokacin gaskiya ne, jabun ne. Amma sau da yawa farantin lafiyarsa lau, lissafin ne aka gina a kan kuskure ɗaya: ɗaukar zafin rana a matsayin ƙarfin rana. Abin da ke yanke hukuncin wutar da za a samu abu biyu ne, wato yawan hasken da ke sauka a garin a kowane wata, da kuma abin da fatar farantin ke yi da hasken idan ya sauka.

Nawa ne rabon Isa a hasken rana?

A can sama, kafin haske ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniya, kowane murabba'in mita da ke fuskantar rana yana samun kimanin wat 1,361. Murabba'in mita fili ne mai mita ɗaya a tsaye, mita ɗaya a kwance, ya ɗan fi dardumar sallah girma. Kafin hasken ya iso ƙasa, iska da tururin ruwa da ƙura da gajimare sun ci nasu rabon. Abin da ke isowa da tsakar rana idan gari ya waye tas bai cika wuce wat 1,000 ba.

Wannan wat 1,000 shi ne ma'aunin da masana'antu ke gwada faranti da shi, a ɗakin gwaji, farantin kuma yana kan sanyin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas. Ke nan lambar da ke bayan faranti alkawari ne mai sharaɗi: idan aka ba shi cikakken haske, kuma jikinsa bai wuce digiri 25 ba, zai ba da wat 100. A kan kwanon shago a Isa, sharuɗɗan nan biyu ba su cika haɗuwa a lokaci guda ba.

Tunda rana ba ta tsayawa a tsakiyar sama, ana tara hasken yini guda ne a dunƙule. Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce yunit ɗin mitar wuta ta kati: yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. A arewacin jihar Sakkwato, matsakaicin abin da ke sauka kan kowane murabba'in mita a yini yana kusa da yunit 6 idan aka baje shi a kan shekara. A Fatakwal bai wuce 4 da ɗan ɗori ba. Wato duk da rana na yin kusan awa 12 a sama, abin da take bayarwa daidai yake da awa 6 na cikakken ƙarfi. Wannan lambar ce ake ninkawa da wat ɗin faranti, ba awannin da ke tsakanin hudowar rana da faɗuwarta ba. Yawancin lissafin da ake yi a bakin shago a nan yake karkacewa.

Yadda ake ƙiyasi inda babu na'urar awo

Na'urar da ke auna hasken rana kai tsaye sunanta firanomita. Wani ɗan faifai ne baƙi ƙirin a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi, wanda ke ɗumama gwargwadon hasken da ya sha, a mayar da ɗumin zuwa lamba. Tana da tsada, tana son a riƙa goge ta kullum, a kuma riƙa daidaita ta lokaci zuwa lokaci. Shi ya sa ba a cika samunta ba sai a jami'o'i da manyan tashoshin yanayi. Garuruwa irin su Turba sai dai a yi musu ƙiyasi.

Tsohuwar dabarar ta fara ne da ƙwallon gilashi. Wani ɗan Sikotlan, John Francis Campbell, ya ƙirƙiro shi a 1853, George Stokes kuma ya gyara shi a 1879. Ƙwallon yana tattara haske wuri guda kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. A bayansa akwai kati mai layukan awanni. Duk lokacin da rana ta fito sarai sai katin ya ƙone, idan gajimare ya rufe ta sai ƙunar ta tsaya. Da yamma ma'aikacin tasha ya auna tsawon ƙunar, ya rubuta cewa yau an yi awa kaza na rana. Ba batir, ba waya, ba abin da zai lalace. Tashoshin yanayi da dama a Afirka sun shafe gomman shekaru suna tara irin waɗannan katuna.

Amma awanni ba su ne ƙarfi ba. Wanda ya haɗa gada tsakanin biyun shi ne Anders Angstrom, masani ɗan Suwidin, a 1924, sannan J. A. Prescott ya sauƙaƙa lissafin a Ostireliya a 1940. Ga yadda yake tafiya. A raba awannin da rana ta fito da awannin da yinin ke da su gaba ɗaya. A ninka sakamakon da wata lamba da ake kira b, a ƙara masa wata lamba da ake kira a. Abin da ya fito shi ne kason hasken sama da ya samu isowa ƙasa. Inda ba a yi awo na musamman ba, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a ɗauki a a matsayin 0.25, b kuma 0.50. Ma'anarsa ita ce ko a ranar da gajimare ya rufe sama ruf, rubu'in hasken na ratsowa, a ranar da babu ko ɗigon gajimare kuwa kashi uku cikin huɗu ne ke isowa.

Shi hasken saman ba ya buƙatar awo, lissafi ne zalla da ya dogara da kwanan wata da wurin da gari yake a taswira. Isa da Sabon Birni suna tsakanin digiri 13 da 14 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. A nan, abin da ke sauka a saman iska a yini ya kai kusan yunit 10.5 a Afrilu da Agusta, amma a Disamba yakan sauka zuwa kusan 8.1, saboda rana ta karkata kudu, yini kuma ya gajarta zuwa awa 11.2.

A ɗauki misalai uku. A ce wata rana a Afrilu an samu awa 9 na rana cikin yini mai awa 12.3. Lissafin zai ba da kaso 0.62, a ninka da 10.5, a samu kusan yunit 6.5. A ce a Agusta, tsakiyar marka, awa 5 kawai aka samu cikin 12.4: kason ya koma 0.45, sakamakon yunit 4.7. A ce kuma a Disamba an samu awa 9 cikin 11.2. Kason ya fi na Afrilu, ya kai 0.65, amma tunda abin da ke sama ya ragu, sakamakon yunit 5.3 ne kacal. Awa tara a nan, awa tara a can, bambancin ya fi yunit guda.

Lambobin a da b ba ɗaya suke a ko'ina ba. Iskar Sakkwato ba irin ta Suwidin ba ce, don haka sai masanan kowane yanki sun nemo nasu ta hanyar gwada lissafin da awo na gaske. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki a gida akwai Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda a 1986 ya wallafa bincike kan lissafan da ke danganta hasken rana da bayanan yanayi na arewacin Najeriya. Daga baya ya shugabanci Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya kuma zama Darakta Janar na Hukumar Makamashi ta Najeriya.

Akwai wata dabarar ma da ba ta buƙatar ƙwallon gilashi, ta Hargreaves da Samani ta 1982. Ita tana duban tazarar da ke tsakanin zafin rana mafi tsanani da sanyin asuba. Idan sama ta washe, rana kan yi zafi, dare kuma ya yi sanyi saboda ɗumi ya tsere sama. Idan akwai gajimare, tazarar kan ragu. Duk wanda ya kwana a waje a damina da kuma a rani ya san haka a jikinsa.

Yau kuwa yawancin ƙiyasin daga tauraron ɗan'adam yake zuwa. Taurarin Meteosat na Turai suna tsaye a nisan kilomita kusan 36,000 a saman Afirka, suna ɗaukar hoton gajimare duk bayan mintuna kaɗan, kwamfuta kuma tana mayar da hotunan zuwa lambobi. Mai waya zai iya ganin sakamakon kyauta. Shafin Global Solar Atlas, wanda Bankin Duniya ya buɗe a 2017, yana ba mutum dama ya taɓa garinsu a taswira ya ga rabonsa. Akwai kuma PVGIS na Tarayyar Turai da NASA POWER na Amurka, waɗanda ke fitar da lambobin wata-wata. Na wata-watan su ne masu amfani, domin matsakaicin shekara yana ɓoye watan da ya fi rauni.

Dukkan hanyoyin nan suna da rauni guda a ƙasar Gobir, shi ne hazo. Iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a sararin Hausa. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce ana ƙirga cewa rana ta fito da zarar haskenta na kai tsaye ya wuce wat 120 a murabba'in mita. Ke nan katin zai rubuta awa guda ko hasken wat 400 ne ko 900. Shi ma tauraron ɗan'adam ya fi gane farin gajimare a kan jar ƙura da ke shawagi a saman jar ƙasa, sai an taimaka masa da wasu bayanan. Saboda haka lambar Disamba da Janairu da aka gani a shafi, gara a ɗauke ta da ɗan ragi.

Wayoyi nawa faranti ɗaya zai cika?

Batirin waya mai lamba 5,000 mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19, wato wat 19 na tsawon awa ɗaya. Da asarar da ake yi a caja da waya, a ƙaddara 25. Faranti mai wat 100 a ranar yunit 5 zai ba da wat-awa 500 a takarda. A cire kusan kashi 30 cikin 100 na asarar zafi, ƙura, wayoyin wuta, kwantirola da batir, saura 350. Wayoyi 14 ke nan.

Mai shagon da ke son cika wayoyi 60 a yini yana buƙatar wat-awa 1,500. Idan ya yi lissafi da misalin Afrilu, zai ga faranti na wat 330 ya ishe shi. Idan ya yi da na Agusta, yana buƙatar sama da 450. Wanda ya sayi na Afrilu zai yi ta mayar da kwastomomi a damina, ko ya riƙa tatsar batirinsa har ƙasa kullum, abin da ke kashe batir da wuri. Batirin kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Fatar da ke kan faranti

Duk wannan lissafin na hasken da ya iso ne. Abin da ya rage shi ne nawa farantin zai iya kamawa. Silikon, sinadarin da ake yin ƙwayoyin faranti da shi, asalinsa toka-toka ne mai sheƙi kamar madubi. Idan aka bar shi tsirara zai mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauka a kansa. Don haka ake yi masa wani shafe siriri na sinadarin silikon naitirayid, kaurinsa kusan nanomita 75. Sai an jera irinsa wajen dubu kafin a kai kaurin gashin kai guda. Aikinsa shi ne ya sa hasken da ke ƙoƙarin komawa daga saman shafen da wanda ke komawa daga ƙasansa su kashe juna, sai hasken ya shige ciki. Launin shuɗi ko baƙi da ake gani a faranti daga wannan shafe da irin sassaƙar da aka yi wa ƙwayoyin yake fitowa, ba fenti ba ne. Shi ma gilashin sama, wanda ke mayar da kusan kashi 4 cikin 100, a faranti masu kyau ana yi masa nasa shafen.

Abin da faranti ya sha ba duka yake zama wuta ba. Na zamani yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 zuwa lantarki, mafi yawan sauran ya zama zafi a jikinsa. Zafin kuma abokin gaba ne. Duk digiri ɗaya da aka haura sama da 25, faranti na rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. A bazara, lokacin da iskar Sakkwato ke wuce digiri 40, jikin farantin da aka kwantar a kan kwano yana iya kai wa 65 ko fiye. Asarar ta kai kashi 12 zuwa 16 cikin 100 tun ba a yi maganar ƙura ba. Wannan ne amsar mai ƙorafin Afrilu. Ɗaga faranti daga kan kwano da tazarar taƙi guda domin iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinsa yana rage asarar, kuma kusan kyauta ne.

Kashi 20 ɗin nan yana da wani amfanin a kasuwa. Murabba'in mita ɗaya na faranti yana ba da wat 200 ne ko ɗan sama da haka. Wanda aka nuna wa faranti mai rabin murabba'in mita an manna masa takardar wat 300, tef ɗin tela ya isa ya tona asirin.

Inda ake neman zafin da gangan

Akwai wasu na'urorin rana da ba lantarki suke nema ba, zafin suke so: na dafa ruwa, na busar da tumatir da tattasai, da murhun rana. A nan labarin shafe ya juye, kuma ya fi daɗi.

Kowa ya san baƙin abu ya fi ɗaukar zafi. Baƙin fenti yana shan kusan kashi 95 cikin 100 na hasken rana. Matsalarsa ita ce hannun da yake karɓa da shi, da shi yake bayarwa. Duk abin da ya yi zafi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ne hucin da fuska ke ji idan an zauna gefen murhu. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da dogon zango. To hasken rana a gajeren zango yake zuwa, ƙarfinsa ya fi yawa a wajen rabin maikiromita. Hucin ƙarfe mai zafin digiri 80 kuwa a dogon zango yake fita, wajen maikiromita 8. Baƙin fenti ba ya bambance tashoshin biyu. Yana kama gajeren zango da kyau, yana kuma watsa dogon zango da kusan kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da zai yiwu.

A lissafi, buɗaɗɗen ƙarfe mai baƙin fenti da ya kai digiri 80, kewayensa kuma yana 35, yana zubar da kusan wat 330 a kowane murabba'in mita ta hanyar huci kaɗai. Sulusin abin da rana ta bayar da tsakar rana ke nan. Da a ce za a samu fatar da ke shan gajeren zango kamar baƙin fenti, amma a dogon zango ta zama kamar gogaggen ƙarfe mai fitar da kashi 5 kawai, asarar za ta koma ƙasa da wat 20.

Irin wannan fatar ita ake kira shafe mai zaɓi, kuma wanda ya fito da ita fili shi ne Harry Tabor, masanin kimiyya haifaffen Landan da ya yi aiki a Isra'ila, a tsakiyar shekarun 1950. Dabarar ita ce a ɗauki ƙarfe mai sheƙi kamar jan ƙarfe ko alminiyom, a ɗora masa baƙin shafe siriri ƙwarai. Ga gajeren zango shafen katanga ne, yana shanye shi. Ga dogon zango kuwa ya yi sirantar da kamar babu shi, sai ƙarfen da ke ƙasa, wanda ba ya son fitar da huci, ya yi mulki. An fara da baƙin nikel, aka zo baƙin kurom mai shan kusan kashi 95 yana fitar da kusan 10, sannan a shekarun 1990 aka fito da TiNOX a Jamus, mai launin shuɗi, wanda ke fitar da kusan kashi 5.

Yankin nan ba baƙo ba ne a wannan fage. Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa ta jihar Maraɗi a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, tun daga 1969, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da murhunan rana a Yamai. Sunansa ne jami'ar Yamai ke ɗauke da shi yau. A ɓangaren Najeriya, cibiyar Sakkwato, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ta daɗe tana ƙera na'urorin dafa ruwa, na busar da amfanin gona da na tace ruwa da zafin rana.

Mafi yawan na'urorin dafa ruwa da ke shigowa kasuwa yanzu masu jerin bututun gilashi ne daga Sin. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar fulas ɗin shayi, an yi wa na cikin shafe mai zaɓi. Irin shafen da ya yaɗu, na alminiyom da naitirojin, Yin Zhiqiang na Jami'ar Tsinghua ne ya samar da shi a shekarun 1980. Mai saye ya duba gindin bututun. Idan yana sheƙi kamar azurfa, lafiya. Idan ya koma fari, iska ta shiga, bututun ya tashi aiki.

Wannan ba yana nufin baƙin fenti ya zama shirme ba. Asarar huci tana ƙaruwa ne da sauri yayin da zafi ke hawa. Akwatin busar da tumatir ko kuɓewa ba ya buƙatar wuce digiri 50 zuwa 60, a nan fenti baƙi marar sheƙi ya wadatar, kuma kafinta ko mai walda na gari zai iya haɗa shi. Kashe kuɗi a kan shafe mai zaɓi saboda busar da tattasai ɓarna ce. A kiyaye dai kada fentin ya taɓa abincin.

Shafen da ba wanda ya yi oda

Komai ingancin abin da masana'anta ta shafa, daga Nuwamba zuwa Maris hunturu na zuwa ya ɗora nasa a kai. Ƙurar da ta kwanta a gilashi tana tare haske kafin ya kai ga ƙwayoyin, kuma babu ruwan sama da zai wanke ta sai bayan watanni. Ana tallar wasu magungunan feshi da ake cewa suna hana ƙura zama. Da yawansu aikinsu shi ne sa ruwa ya gangare da datti, don haka a wuraren da ake ruwan sama suka fi tasiri. A rani a Sabon Birni, bokitin ruwa da tsumma mai laushi sun fi su tabbas.

Wankin ma yana da ƙa'ida. Da sassafe ake yi ko bayan la'asar sakaliya, domin ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu yana iya tsaga shi. A fara zuba ruwa kafin a goga, tunda busasshen tsumma a kan yashi tamkar sanfefa ne ga shafen gilashin, wanda idan ya karce ba ya dawowa. Ba a sa omo ko soson ƙarfe. Kashin tsuntsu ko inuwar reshen dogon yaro a kan ƙwaya ɗaya yana iya rage ƙarfin jeri guda, tunda ƙwayoyin a sarƙe suke.

Zaman farantin shi ma yana cikin lissafi. A wannan yanki ana fuskantar da shi kudu, a karkace da digiri 13 zuwa 15. Manhajar kamfas da ta auna karkata da ke cikin waya sun isa aikin. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na ɗan bi ta arewa da tsakar rana, shi ya sa jingina faranti a tsaye jikin bango ke jawo babbar asara a damina, daidai lokacin da ake ƙarancin haske. Kwantar da shi shamɓal kuma yana tara ƙura da ruwa.

Manhajojin da ke cewa suna auna ƙarfin rana da idon hasken waya ba abin dogaro ba ne. Idon an yi shi ne don daidaita hasken fuskar waya, yana auna abin da idon mutum ke gani, kuma a wayoyi da dama yana cika tun kafin ya kai hasken tsakar rana. Abin da ya fi shi shi ne maltimita irin ta masu gyaran waya. A bayan kowane faranti akwai lamba mai suna Isc, ita ce amfiyar da zai fitar a cikakken haske idan aka haɗa bakinsa biyu ta cikin mita. Wannan amfiyar tana hawa da sauka daidai da haske, zafi kuma bai cika taɓa ta ba. Idan takarda ta ce 6, mita ta nuna 4.8, to kusan wat 800 ne ke isa ga ƙwayoyin a wannan lokacin. A yi gwajin a kan ƙaramin faranti ɗaya da aka cire daga batir da kwantirola, wanda amfiyarsa ba ta wuce ƙarfin mitar ba, yawanci 10, na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Ba a yin sa a kan jerin faranti da aka haɗa, domin ƙarfinsu na iya kisa. A auna da tsakar rana kafin wanki, a rubuta a waya, a wanke da yamma, washegari a daidai wannan lokaci a sake aunawa idan sararin bai canja ba. Bambancin lambobin biyu shi ne abin da ƙura ke ci, kuma daga shi mai shago zai san ko duk kwana uku zai riƙa hawa kwano ko duk mako.